Ajiyar Babana a Gidan Mai Rufin Kwano

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwalejin da ta yaye ni,
ta hannun Shugaban Laburaren Kwalejin,
da duk wanda yake riƙe da makullin wani ɗakin karatu a ƙasar nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikata, ina yi muku barka da damina. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya sa wa abin da aka shuka albarka.

Ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta na kwalejin ba, domin nononta na sha, kuma ba tozarta ta na fito yi ba. Kun san kanku, ni ma za ku gane ni, tunda masu gadin ƙofarku har sun daina tambayata wurin wa na zo. Na fito bainar jama'a ne saboda na yi maganar nan a ofis har yawuna ya ƙafe, ban samu wanda ya dube ni ido da ido ya ba ni amsa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan harshena ya yi kaifi a wani wurin, a yi mini afuwa, ciwon ne yake magana.

Sunana Saratu. Ina koyar da Hausa a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, can arewacin Kano, inda gona take manne da gona har ba ka samun wurin ɗaure akuya sai da izinin wani. Ni 'yar marigayi Ranau ce, makaɗin gangar noma.

Na ɗaya: abin da na kawo muku.

Ɗalibanku na yanzu ba su san gangar noma ba, don haka bari in yi bayani. Kafin maganin feshi ya zo ya kashe ciyawa ya haɗa da gayya, idan aikin gona ya fi ƙarfin gida ɗaya sai a kira jama'a. Maza su jeru a bakin kunya kowa da garmarsa, makaɗi yana biye da su, yana kiran kowa da sunan ubansa da na kakansa, da gonar da kakan ya sare, da yunwar da ya ciyar da gari a cikinta. Mutum ya ji an kira kakansa, sai ka ga ƙasa tana tashi. Wannan shi ne aikin Baba. Bai yi boko ba, bai yi allo ba, a tsohuwar hanyar kakanninmu ya tashi. Yau zuriyar unguwarmu rabi masallaci, rabi coci, amma a lokacin duk mai son ya san tushensa, bakin Baba yake zuwa ya saurara.

A shekarata ta ƙarshe a kwalejinku, yau sama da shekara ashirin, na rubuta kundina na kammala karatu a kan kirarin manoma. Malamina ya ba ni aron rikoda. Damina guda na yi ina bin Baba gona-gona, raɓa tana jiƙa mini zani, samari suna yi mini tsiya wai 'yar boko ta zo noma da akwati. Na ɗauki kiɗan, na ɗauki waƙar, na ɗauki hirarsa a ƙofar gida bayan an tashi daga gona. Har tarinsa yana ciki, da dariyarsa, da mitar da yake yi wa mahaifiyata cewa ta cika barkono a miya.

Dokarku ta ce a miƙa kundi tare da kaset na asali ga laburare. A ƙauyenmu babu na'urar kwafa a lokacin. Na so in roƙi alfarma a bar mini ko guda ɗaya, Baba ne ya hana. Ya ɗaga kai ya dubi jinkar ɗakinsa, ya ce, "Ke Saratu, nan gidan ciyawa ne. Wuta ɗaya, gara ɗaya, shi ke nan. Kai wa masu kwano. Gidan gwamnati ba ya yoyo." Mu haka muka saba. Abin da kake jin tsoro a kansa, gidan da ya fi naka ƙarfi kake kai wa ajiya, ka koma ka yi barcinka. Na kawo su gaba ɗaya a kwali, aka buga musu hatimi, aka ba su lamba, aka jera su a kan kantar ajiya ina kallo.

Bayan rasuwar Baba na dawo sau ɗaya. Aka zaunar da ni a wani ɗan ƙaramin ɗaki, aka sa mini abin ji a kunne, na ji shi tar kamar yana bayana. Na yi kukana na share hawaye, na nemi a kwafa mini. Aka ce doka ba ta yarda su fita ba, amma in kwantar da hankalina, ana shirin juye su duka cikin kwamfuta, daga nan kowa zai samu. Na yarda, na koma gida. Duk shekarun nan idan na wuce ta gefen katangarku a mota, nakan ce a raina, Baba yana ciki.

Na biyu: abin da ya dawo da ni.

Mahaifiyata, Inna Kande, tana raye, amma tsufa ya kama ta, yanar ido kuma ta rufe mata gani. Hoto ba shi da amfani a wurinta. Da kunne take gane mu, da kunne take sanin gari ya waye. A bazarar bana ƙanena da yake aiki a Kudu ya aiko da saƙon murya ta waya, na kunna mata. Ta saurara, ta ce a maimaita, na maimaita. Sai ta ce, "Ashe murya tana ajiyuwa haka? To ina ta babanku, wadda kika dinga binsa gona kina ɗauka?" Na ce tana nan a makaranta, a ajiye. Ta ce, "Je ki karɓo mini aro. Ba riƙewa zan yi ba. In ji sau ɗaya, ki mayar musu da kayansu."

Ranka ya daɗe, ka lura da maganar. Muryar mijinta ce, amma aro ta ce. Haka take girmama ku.

Na yi mata alkawari ba tare da wani tunani ba, don a ganina tafiyar yini ɗaya ce. Ita kuwa tun a ranar ta sa aka sauko da tsohuwar rikodar gidanmu daga kan kwalla. Maigidana ya kai ta wurin mai gyara, aka dawo da ita tana aiki. Inna ta lulluɓe ta da ɗankwali, ta ajiye a gefen tabarmarta.

Na uku: zirga-zirgar da na yi.

Ranar da na fara zuwa ban gane laburaren ba. An kwashe kantoci, an yi fenti, an jera tebura da kwamfutoci, ga na'urar sanyaya ɗaki. Wallahi ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sabon Shugaban Laburare ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwar da ta zo kasuwa da kuɗin da aka daina karɓa. Ya ce, "Malama, ai duniya ta wuce nan. Yanzu ilimi a buɗe yake, kyauta ne ga kowa. Duk abin da kike nema yana kan intanet."

Na ce alhamdu lillahi, to a nemo mini. Ya sa wata ma'aikaciya ta zauna ta rubuta sunan Baba. Babu. Ta rubuta gangar noma, ta rubuta sunan ƙauyenmu. Abin da ya fito shi ne 'yan rubuce-rubucen baƙi a kan mutanenmu, cikin Turanci, waɗanda suka zo suka leƙa mu suka koma. Babu muryar ko mutum ɗaya daga cikinmu. Shugaban ya gyara zama ya ce irin waɗannan sai a hankali, tsofaffin kaya kuma an mayar da su sito a bayan gini, in rubuto takardar neman izini.

Na rubuto. Na dawo aka ce mai makullin siton ya tafi taro. Na dawo aka ce takardata tana gaban kwamiti. Na dawo aka ce an tafi hutu. Mota biyu nake shiga kafin in iso wurinku, kuma duk zuwa sai na bar ajina a hannun wani malami. Aka yi ruwan shuka ina hanya, aka yi noman farko ina hanya, aka yi maimai ina hanya. Duk dawowata, tun daga zaure Inna take gane takuna, ta ce, "Saratu, an samo?" In ce ana nema. Ta ce, "To, Allah ya taimake su, kayan da yawa ne."

Sai da gero ya fara ido aka buɗe mini siton. Gani ya kori ji. Iskar farkon damina ta yaye kwanon kusurwa ɗaya, ba wanda ya hau ya mayar da shi. Kundayen ɗalibai na shekaru da shekaru suna jibge a ƙasa, sun sha ruwa sun manne da juna. Na ɗaga ɗaya, bangon ya biyo hannuna ya bar sauran. Gara ta yi gini a jikin na can ciki. Warin ruma ya sa ma'aikaciyar da ta rako ni ta toshe hanci da mayafi ta tsaya a bakin ƙofa. Ni na shiga, na ɗaga wannan, na ture wancan, har la'asar ta kusa. Babu kwalin kaset, nawa ko na wani.

A nan ne ma'aikaciyar ta rage murya ta gaya mini gaskiya, Allah ya saka mata. Ta ce lokacin gyara an ware kayan da aka ce zamani ya wuce su, tsofaffin tafireta da karyayyun kujeru da kaset-kaset, aka ce wa leburori su fitar da su. Ba a juye ko ɗaya cikin kwamfuta ba. Ba a taɓa ma sayen na'urar juyewar ba.

Na huɗu: inda na same su.

Na fita ta ƙofar baya saboda ta fi kusa da titi, kuma ba na son in haɗu da kowa. Kun san gonaki daga jikin katangarku suke farawa. Ina tafe a kan 'yar hanya tsakanin gero sai na ji wani siririn gunji yana tashi yana sauka da iska. Na ɗaga kai na ga zare yana walƙiya, an ja shi daga kara zuwa kara, ya kewaye gona guda, ya ratsa ta tsakiya. Ban yi mamaki ba. Duk ɗan ƙauye ya san wannan dabarar: idan gero ya yi ido, tsuntsayen jan-baki suka sauko, ana warware zaren kaset a ɗaure a gona, ƙyallinsa da kukansa su kori tsuntsaye. Tun ina yarinya nake gani. Na ci gaba da tafiyata.

Sai a gindin wata ɗorawa na ga tulin ƙwaryar kaset, an fasa an zare cikinsu. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na durƙusa na ɗauki ɗaya, ga hatimin laburarenku. Na juya wata, na juya wata. Sai ga rubutun hannuna na ƙuruciya, ruwa ya fara wanke shi amma yana karantuwa: Baba Ranau, gayyar gonar Sarkin Noma.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ban yi ihu ba. Na zauna ne kawai ina jin zaren nan yana kuka a kan geron.

Mai gonar ya taso daga inda yake. Malam Audu sunansa, ɗaya daga cikin leburorinku, dattijo mai furfura. Da ya ga abin da ke hannuna, ya ji bayanina, sai ya cire hula ya ce, "Wallahi Hajiya, shara aka ce. Cewa aka yi mu ƙone, na ga asara ce, na ce gara in kori jan-baki da su. Da na san da muryar mutum a ciki, da hannuna bai taɓa ba." Ya nufi gonar zai fara kwancewa. Na ce ya bari. Yana da iyali, geronsa bai nuna ba, kuma kwancewar ba za ta dawo da komai ba. Na tsinki ɗan guntu kawai na naɗe a jikin kara.

Duk da haka zuciya ba ta haƙura. Ranar kasuwa na kai wa mai gyaran rediyon da ya gyara mana rikoda. Ya murza zaren tsakanin yatsunsa, baƙin da ke jiki ya biyo hannunsa, ya bar farar leda. Rana ta gasa shi, ruwa ya wanke shi. Ya dube ni ya ce sai dai haƙuri.

Ina roƙon kada wannan takarda ta zama sanadin taɓa aikin Malam Audu. Ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Abin da aka ba shi a matsayin shara ya ɗauka, kuma shi kaɗai ne a cikin duk wanda na yi magana da shi ya ce mini in yafe.

Na biyar: maganar buɗaɗɗen ilimi.

Kada a ɗauka ni maƙiyiyar zamani ce. A ƙauyenmu sabis sai ka hau tudun da ke bayan makaranta, kuma ina hawa. Na sauko da littattafai da maƙalu a wayata waɗanda a zamanin karatuna sai ɗan gata yake ganin bangonsu. Na koyar da su, ɗalibaina sun amfana. Wanda ya fara tunanin a buɗe ilimi kowa ya ɗiba, Allah ya yi masa albarka. Rigimata ba da shi ba ce, da yadda kuka fahimce shi ne.

Abin da ke kan intanet ba daga sama ya faɗo ba. Duk takardar da kuka buɗe kuka karanta kyauta, wani laburare ne a wata ƙasa ya adana ta, ya kare ta daga ruwa da ƙwari, ya ɗauki hotonta shafi-shafi, ya ɗora. Su sun kawo nasu. Ni 'yar makaɗin gayya ce, na san yadda gayya take: kowa da garmarsa yake zuwa, a yi aiki, sannan a zauna a ci tuwo. Buɗaɗɗen ilimi gayya ce ta duniya. Ku kun je da cokali, kun bar garma a gida, kuma garmar da kuka bari ita ce kuka bayar a ƙone.

Ku duba abin da kuka yi da idon basira. Littafin lissafi ko na kimiyya da aka buga dubbai, wanda yake ko'ina a duniya, shi ne ba ya buƙatar ku yanzu, ɗalibi zai same shi a wayarsa yana kwance. Abin da yake buƙatar ku shi ne wanda babu shi a ko'ina sai a hannunku. Kundin yarinyar da ta zauna da ungozomomin garinsu ta rubuta yadda suke karɓar haihuwa. Kundin yaron da ya bi kakansa ya rubuta sunayen irin dawa da wake da ake nomawa kafin irin kamfani ya cika kasuwar hatsi ta Dawanau. Tarihin rijiyoyi, da kasuwannin da suka mutu, da waƙoƙin daɓe da na niƙa. 'Ya'yan talakawa ne suka tattaro su da ƙafarsu daga bakin tsofaffin da yanzu suna ƙasa. Kun share wuri kun yi wa abin da duniya duka take da shi shimfiɗa, kun kai abin da ku kaɗai kuke da shi inda ruwa yake zuba. Ganin hadari ya sa kuka zubar da ruwan tulu.

Ana ta tambaya a tarurrukanku wai mene ne amfanin laburare nan gaba, tunda komai ya koma waya. Ni ba farfesa ba ce, amma ga abin da na gani daga inda nake tsaye. Idan aikin laburare shi ne ya zama ɗaki mai sanyi da ake shiga intanet, to mai shagon cajin waya a bakin tasha ya kusa ƙwace muku sana'a, don shi janaretansa ba ya jiran sa hannun kwamiti. Ranar da na zo na biyu, babu wuta, kwamfutocin nan suna lulluɓe, ɗalibai suna zaune a gabansu suna fifita da littafin rubutu. Abin da mai shago ba zai iya ba shi ne ya riƙe amanar al'umma, ya san me ke hannunsa, ya fitar da shi duniya da sunan masu shi, ya mayar wa mutanen da aka ɗebo daga wurinsu da harshen da suke ji. Ya kuma zauna da ɗalibi ya nuna masa tsaba da ƙaiƙayi a cikin abin da ya kwaso, don ba duk abin da yake kyauta ne yake gaskiya ba. Wannan ne aikin da ya rage muku, kuma ya fi na da girma.

Akwai kuma abin da yake ci mini rai idan na tsaya a gaban aji. Jikokin mutanen da Baba ya yi wa kirari su ne ɗalibaina. Gobe ɗaya daga cikinsu zai zo kwalejinku, ya zauna a gaban kwamfutar nan, ya nemi labarin kakanninsa. Zai samu abin da baƙo ya ce a kansu. Zai kwafa ya sa a kundinsa, ku ba shi maki, ya fita yana ganin mutanensa ba su taɓa cewa komai ba. Ƙofar a buɗe take, gaskiya ne, amma mu ba ma cikin ɗakin.

Ɗakin Baba kuwa, na ciyawar nan da ya raina, yana nan tsaye. Duk shekara kafin ruwa ya sauka 'yan'uwana sukan taru su yi masa baibaya, saboda sun san ciyawa ce, in an bar ta za ta ruɓe. Gangarsa tana rataye a ciki, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ku da kuka dogara da kwano, ba wanda ya ɗaga kai ya duba.

Na shida: abin da nake roƙo.

Ba diyya nake nema ba. Babu abin da za ku ba ni da zai yi magana da muryar Baba.

Ina roƙo, tun kafin ruwan ƙarshen damina ya ƙarasa abin da ya fara, a hau a rufe siton nan, a kwashe kundayen da suka rage a shanya su a inuwa, a ceci abin da zai cetu. Wannan ba ya buƙatar kwamiti, kafinta yake buƙata da tsani.

Ina roƙo a fara juye abin da ya tsira cikin kwamfuta, a ɗora shi inda kowa zai gani, da sunan ɗalibin da ya rubuta da na tsohon da ya ba da labari. A fara da wanda babu kwafinsa a ko'ina. Wanda mai shi bai yarda a baza ba, a tambaye shi ko magadansa.

Ina roƙo ku yi doka, ku da sauran makarantu masu karanta wannan takarda, cewa ba za a ƙara fitar da wani abu daga laburare da sunan shara ba sai an yi cigiyar masu shi. Sanarwa a rediyo ta isa. Da na ji, da ƙafa ma zan zo.

Ina roƙo ku sanar da sauran waɗanda kaset ɗinsu yake cikin tulin nan. Ba ni kaɗai ba ce. Na ga rubutun hannu iri-iri a gindin ɗorawar nan, kuma masu su suna can suna wucewa ta gefen katangarku da kwanciyar hankali irin wadda na yi.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. A wurinmu, idan ka ba mutum kiwon dabba ta mutu a hannunsa, ba ya aike, ba ya kuma jira sai ka zo ka gano. Yakan ɗauko fatar da kansa, ya zo har ƙofar gidanka, ya durƙusa ya ce ga abin da ya faru. Ba a cin sa tara. Mai dabba ya ce Allah ya mayar da alheri, a sha ruwa, zumunci ya ci gaba. Amma dole wanda aka ba wa ajiyar ne zai zo.

Har yau ban gaya wa Inna ba. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, sai in ji ta tana yi muku addu'a, in haɗiye. Guntun zaren yana cikin jakata, naɗe a jikin kara. Na gane cewa ba ni ya kamata in miƙa mata shi ba, domin ba a hannuna ajiyar ta mutu ba. Baba ku ya ba wa. Ranka ya daɗe, ka zo, ko ka turo Shugaban Laburare. Zan tarye ku a bakin titi in ba ku zaren, in yi muku jagora. Ba za ta zage ku ba, ban taɓa jin ta zagi baƙo ba. Za ta sa a shimfiɗa muku tabarma, a dama muku fura, ta tambaye ku hanya.

Kada dai ku daɗe. Tun da sanyin damina ya shiga ƙirjinta abincinta ya ragu, kuma ba na son ta tafi tana jira. Ku zo da la'asar, lokacin ne take zama a ƙofar ɗaki. Za ku gane ta ba sai an nuna muku ba. Rikoda tana gefenta lulluɓe da ɗankwali, kuma shekaranjiya ta sa aka canza mata batir, wai kada a kawo a tarar ya yi sanyi.

Allah ya ba ku ikon riƙe abin da aka damƙa muku. Allah ya sa ku gama da kujerun nan lafiya, ya kare ku daga ranar da za ku nemi muryar wani naku ku rasa. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu haƙurin abin da ba ya dawowa.

Wassalam.

Taku,
Malama Saratu,
'yar Ranau mai gangar noma,
tsohuwar ɗalibarku.